Waken da Yake Naɗa Sarki

Kamar yadda muka saba a wannan fili, kowane wata mukan ɗauki rana guda daga cikin kalanda, mu juya ta, mu ga abin da ke cikinta. Ranarmu ta wannan wata ita ce 6 ga Janairu.

Mukan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. To, a ƙasar Faransa akwai ranar da ake ɗaukar wake ɗaya da gangan a tura shi cikin garin fulawa, a kwaɓa, a gasa, sa'an nan iyali duka su zauna kowa yana fata waken nan ya faɗo a rabonsa. Gama wanda ya same shi, ko yaro ko babba, ya zama sarkin gida ke nan har dare.

Asalin ranar

Ranar 6 ga Janairu kwana 12 ke nan bayan Kirsimati. Tun ƙarni na 4 Ekklesiya take kiyaye ta, ana ce da ita Idin Bayyanuwa, watau ranar da aka bayyana Almasihu ga al'ummai. A yammacin Turai ana tunawa da masanan taurarin nan da suka zo daga gabas suna neman jaririn a Baitalami. Labarinsu yana cikin Matiyu sura 2. Idan kun karanta da kyau za ku lura Matiyu bai faɗi yawansu ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Kyautai ne ya lissafta guda uku: zinariya, da lubban, da mur. Daga baya ne mutane suka ƙidaya su uku saboda kyautan, masu zane kuma suka ɗora musu kambi a kā. Haka ranar ta sami sunan da ake kiranta da shi a Faransa da Sifen, watau Ranar Sarakuna. A ƙasar Girka kuwa baftismar Yesu a Kogin Urdun ake tunawa a ran nan, Kiristan Armeniya kuma a ranar suke yin Kirsimatinsu.

Kek ɗin sarakuna

Faransawa suna ce da abin zaƙin wannan rana "galet de ruwa". Kada ku zaci ruwan sha ne. A bakinsu kalmar nan ma'anarta sarakuna. A arewacin ƙasar akan yi shi faffaɗa kamar faifai, da ɓawo mai ɓarewa falle-falle saboda yawan man shanu, a tsakiya kuma a zuba kwaɓin sukari da ƙwai da garin 'ya'yan itacen almon, masu maiƙo kamar gyaɗa. A kudu kuwa burodi ne mai laushi da aka naɗe kamar gammo, aka yi masa ado da 'ya'yan itatuwa da aka dafa a sukari. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu gasawa suka fara sa ɗan mutum-mutumi na tangaran a maimakon waken, amma har yau wake suke kiransa. Kowane kek kuma da kambinsa na takarda mai ruwan zinariya ake sayar da shi. Da yake 6 ga wata ba ranar hutu ba ce a Faransa, majami'u sukan yi idin a ranar Lahadin da ta faɗo tsakanin 2 da 8 ga Janairu, masu shaguna kuwa sai su yi ta ciniki har ƙarshen wata.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake rabon. Autan gida yakan shiga ƙarƙashin tebur inda ba ya ganin kome. Mai riƙe da wuƙa sai ya yanka, ya tambaya, "Wannan na wa ne?" Yaron ya ambaci suna. Haka za a yi ta yi har kowa ya samu. Dalili kuwa a fili yake: kada uwa ta hango waken ta tura wa ɗan lelenta.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada. Idan mutanen gida shida ne, sai a yanka kek ɗin kashi bakwai. Na bakwai ɗin ana ce da shi rabon Allah, ko rabon matalauci. Akan ajiye shi domin mabukacin da ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. A waɗansu gidaje kuma akan ajiye wa ɗan da ya tafi soja ko aikin jirgin ruwa. A yau gidaje da yawa sun bar wannan al'ada, sun riƙe kambin kawai. Ku riƙe maganar yankan nan a zuciya, za mu komo kanta.

Masana tarihi da yawa suna ganin wasan ya girmi idin kansa. Romawan dā suna da wani biki a watan Disamba wanda bayi sukan ci abinci tare da iyayengijinsu, a jefa ƙuri'a a zaɓi sarkin wasa, ya yi mulkinsa na 'yan kwanaki, kowa ya koma matsayinsa. Sa'ad da Faransawa suka yi juyin mulkin da ya fara a 1789, har suka sare kan sarkinsu a Janairu 1793, sunan kek ɗin ma ya zama abin tuhuma, sai aka riƙa kiransa kek ɗin daidaito. Har wa yau akan kai wa shugaban ƙasar Faransa ƙaton kek a fadarsa kowane Janairu, amma ba a sa wake a ciki. Ba a so a ji an naɗa sarki a gidan shugaban jamhuriya, ko da na takarda ne.

Ba Faransa kaɗai ba. A Sifen ana sa abu biyu, ɗan mutum-mutumi da wake. Mai mutum-mutumi ya sa kambi, mai wake kuwa shi zai biya kuɗin kek ɗin. Kun ga a can karin maganarmu ya tabbata. A Meziko wanda ya sami ɗan siffar jaririn shi zai ciyar da jama'a ranar 2 ga Fabrairu. A Ingila wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Robert Baddeley, wanda ya rasu a 1794, ya bar fam 100 a wasiyyarsa domin a riƙa saya wa 'yan wasan gidan Drury Lane na Landan kek kowace 6 ga Janairu, har yanzu kuwa ana yankawa.

Waɗanda suka sa kambi na gaske

Yanzu bari mu buɗe littafin tarihi, mu ga waɗanda suka hau gadon sarauta na gaske a wannan rana.

Ranar 5 ga Janairu 1066 Sarki Edward na Ingila ya rasu bai bar ɗa ba. Kashegari aka binne shi a majami'ar Westminster wadda shi ya gina, a ran nan kuma manyan ƙasa suka naɗa Harold, ɗan'uwan matar marigayin, wanda ya fi dukan hakimai ƙarfi. An yi gaggawa domin an san akwai masu hanƙoron gadon a ƙetaren teku. A watan Satumba sarkin Norwe ya sauka a arewacin Ingila da rundunarsa, tare da Tostig, ƙanen Harold uwa ɗaya uba ɗaya. Harold ya tarye su ranar 25 ga wata a Stamford Bridge, ya ci su, sarkin Norwe da Tostig duka suka mutu a wurin. Bayan kwana 3 kawai sai ga Wiliyam, mai mulkin Nomandi ta arewacin Faransa, ya sauka a kudu, yana cewa shi Edward ya yi wa alkawarin sarauta. Harold ya juyo da gajiyayyun mayaƙa. Ranar 14 ga Oktoba aka gwabza kusa da Hastings tun da safe har yamma, Harold ya faɗi tare da ƙannensa biyu. Ana cewa kibiya ce ta same shi a ido. Sarautarsa duka wata 9 ce da kwana 8. Ranar Kirsimati ta shekarar aka naɗa Wiliyam a majami'ar nan ta Westminster. Kafin wata Ranar Sarakuna ta zagayo, kambin yana kan wani.

Ranar 6 ga Janairu 1449 kuma, a garin Mistra na ƙasar Girka, aka naɗa Kwanstantin na 11 sarkin daular Rum ta gabas. Daular nan ta yi shekara fiye da 1,000, amma a lokacinsa ta ƙanƙance, ba abin da ya rage sai babban birnin da 'yan yankuna kaɗan. A 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na 2, saurayi ɗan shekara 21, ya kewaye birnin da manyan igwa har kwana 53. An yi wa Kwanstantin tayin ya ba da gari ya fita da ransa, ya ƙi. Ranar 29 ga Mayu ganuwa ta karye, ya mutu a cikin faɗan, ba wanda ya san kabarinsa. Shi ne sarki na ƙarshe na daular. Birnin shi ne wanda muke kira Santambul.

Ga kuma wata sarauniya. Ranar 6 ga Janairu 1540 Sarki Henry na 8 na Ingila ya auri Anne, gimbiya daga Kilif ta ƙasar Jamus, matarsa ta huɗu. Zanen hotonta ya gani ya yarda da auren. Da ta iso bai so ta ba, bayan wata 6 aka warware auren.

Ba dariya muke yi musu ba. Harold da Kwanstantin jarumawa ne, sun mutu a gaban mutanensu. Amma sarki goma zamani goma. Yaron da ya sa kambin takarda ya san da dare zai tuɓe shi, su kuwa sun sa nasu da fatan zai daɗe.

Waɗanda suka ajiye rabon matalauci

A shafin nan na kalanda akwai waɗansu sunaye na dabam, waɗanda ba a taɓa buga musu tambari ba.

Ranar 6 ga Janairu 1852 wani malamin makaranta ya mutu da tarin fuka a birnin Faris yana da shekara 43. Sunansa Louis Braille, ana faɗinsa Birel. Ɗan baduku ne daga wani ƙauye. Yana da shekara 3 yana wasa a rumfar ubansa, sai basilla ta soke shi a ido, ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara 5 ya makance. Yana da shekara 10 aka kai shi makarantar makafi a Faris, inda littattafai kaɗan ne, masu manyan haruffa da aka tudunta, yatsa ya gaji kafin a gama layi. Yana ɗan shekara 15 ya shirya hanyar rubutu da ɗigo 6 masu tudu, waɗanda kan yatsa yake rufe su a taɓawa ɗaya. Da ɗigon nan 6 ana samun alamu 63, sun isa haruffa da lambobi har da waƙa. Ya buga littafin hanyarsa a 1829, amma sai a 1854, shekara 2 bayan mutuwarsa, makarantarsa ta karɓe ta a hukumance. A 1952 aka ɗauke gawarsa aka kai ta inda Faransa take binne manyan mutanenta. A yau makafi a duniya duka da hanyarsa suke karatu, har da Hausa. Yaran makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, suna cin wannan gado.

Ranar 6 ga Janairu 1907 wata likita mai suna Maria Montessori, ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya, ta buɗe ɗaki guda a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Roma. Iyayen unguwar sukan tafi aiki tun da safe, ƙananan yara su yini suna gararamba suna ɓata bango. Masu gidajen so suke a tsare yaran kawai. Ita kuwa ta tara yara wajen 50, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta ajiye kayan koyo inda hannunsu zai kai, ta koya musu wanke hannu, da shara, da ɓalla maɓalli. Ba a daɗe ba 'ya'yan waɗanda ba su iya karatu ba suka fara rubutu. Ta kira wurin Gidan Yara. A yau za ku ga sunanta a allunan makarantun yara a manyan biranenmu, sau da yawa ma masu tsada ne. Ya kamata a tuna domin 'ya'yan talakawa aka fara.

Ranar 6 ga Janairu 1929 kuma wata budurwa 'yar shekara 18, haifaffiyar birnin Skopje, ta sauka daga jirgin ruwa a Kalkata ta ƙasar Indiya. Ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar 'yan mata. A 1948 ta fita ta shiga lungunan matalauta, tana ɗauko marasa lafiya da masu baƙin mutuwa daga titi. Ita ce duniya ta sani da suna Uwa Teresa. An ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya a 1979, ta rasu a 1997.

Mutanen nan uku ba wanda ya sa kambi a cikinsu. Kowannensu ya duba teburin duniya ne, ya ga akwai wanda ba a yanka masa ba.

Mu fa, a gidajenmu?

A labarin Matiyu akwai sarki a kan gado, watau Hirudus. Da ya ji an haifi wani sarki sai hankalinsa ya tashi, tsoron rasa kujera ya kai shi ga kashe jarirai. Baƙin nan kuwa suka yi doguwar tafiya, suka durƙusa a gidan talakawa, suka buɗe jakunkunansu. Kowannenmu yana da 'yar sarautarsa. Maigida yana da ita a gidansa, uwargida a madafarta, dattijo a majami'a, akawu a ofishinsa. Dukansu aro ne, ranar tuɓewa tana zuwa. Tambayar ita ce yadda muka yi rabo sa'ad da wuƙa take hannunmu.

Ni kaina an kama ni a nan. Akwai wata yarinya daga ƙauyenmu da take zaune da mu tana taimakona aiki, tana kuma zuwa makaranta. Wata Kirsimati na yanka kaji, na raba nama kamar yadda na saba. Sai autana ya leƙa kwanonta ya ce, "Mama, me ya sa kullum kai da ƙafa ne rabon Yaya?" Na buɗe baki zan ce ai ita ce take so, sai na tuna ban taɓa tambayarta ba. Ita ta fige kajin, ita za ta wanke tukwane. Ban taɓa zaginta ba, ban taɓa hana ta abinci ba, amma hannuna ya san 'ya'yan da na haifa. Ran nan na gane amfanin yaron da ke ƙarƙashin tebur.

A gidajenmu da yawa akwai irin yarinyar nan. Akwai agola, akwai marayan ɗan'uwa, akwai tsohuwar da ke ɗakin baya, akwai gwauruwar da ke maƙwabtaka. Janairu kuma wata ne mai wuya. Kuɗi sun ƙare a biki, ga kuɗin makaranta, ga sanyi. A irin wannan lokaci ne rabon matalauci yakan fara ɓacewa daga tukunya. Ba sai da kek ba. Malmalar tuwo ɗaya da aka ƙara, ko tsohon bargo, ko kuɗin littafin yaron maƙwabci, duk rabon nan ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ga mai son gwadawa

Uwargida, idan kina so ki yi wa yara wannan wasa, ba sai kin nemi almon ba, gyaɗa ta isa. Da gwangwanin madara za ki auna. Ki tanadi fulawa gwangwani 3, sukari 1, bota 1, soyayyar gyaɗa dakakkiya 1, madara rabin gwangwani, ƙwai 4, hodar kek cokalin shayi 2, da ɗan gishiri.

Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi. Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina bugawa. Ki tankaɗe fulawa da hodar kek da gishiri, ki zuba kaɗan-kaɗan tare da madara, sa'an nan gyaɗa. Ki shafa wa kwanon gashi mai, ki juye. Idan ba ki da tanda ta zamani, ki zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki ɗora a kan gawayi ta yi zafi, ki sa kwanon a kai, ki rufe, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin. Wuta kada ta yi yawa. Bayan minti 40 ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya nuna. Idan ya huce sai ki tura babban wake ɗaya ta ƙarƙashi. Ki gargaɗi kowa ya tauna a hankali, yankan ƙaramin yaro kuwa ki duba shi da kanki kada ya shaƙe. Kambin kuma yara su yanka shi daga tsohon kwali.

Sa'an nan ki ƙidaya mutanen gida duka, har da waɗanda ba ki haifa ba, ki ƙara ɗaya. Auta ya shiga ƙarƙashin tebur, in babu tebur ya juya baya. Wanda ya sami waken, aikinsa na fari a sarauta shi ne ya ɗauki yankan da ya rage, ya kai wa wanda iyali suka ga ya fi bukata.

Ku rubuto mana ku gaya mana wanda ya zama sarki a gidanku, da ƙofar da rabon ya shiga. Ubangiji ya ba mu shekara mai albarka. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.